Kiwon Kifin Ado a Falo Ba Tare da Ɓata Kogi Ba

Tankin gilashi mai kifaye kala-kala yana ƙawata falo, yara ma sai su manta da talabijin. Amma ƙanwata, ɓarnar wannan kiwo a wuri biyu take: inda aka samo kifin, da inda za ki kai shi ranar da kika gaji. Ga abin yi.

1. Kafin ki biya, tambayi mai shago: "A gona aka ƙyanƙyashe shi ko kamowa aka yi?" Gufi, moli da kifin zinare duk na gona ne. Su za ki saya, sun fi juriya, sun fi araha.

2. Kifin teku ki haƙura da shi. Akasarinsa kamu ne, kuma a wasu sassan Filifin da Indonesiya ana fesa gubar sayanayid cikin duwatsun murjani don kifin ya sume a ɗauke shi. Murjanin ya mutu, kifaye da yawa kuma su mace tun a hanya.

3. Tambayi iya girman da zai yi. Baƙin kifin nan mai manne wa gilashi yana lasar gansakuka, wanda ake kira fileko, kamar ɗan yatsa ake sayar da shi, amma yakan wuce santimita 30. In tankinki ba zai ɗauke shi ba, bar shi a shago.

4. Kada ki taɓa sakin kifi a kogi, dam, kududdufi ko kwata. Wannan ya fi komai muhimmanci. Na san tausayi ke sa mutum ya ce bari ya 'yanta shi, amma dubi abin da ya biyo baya a wasu wurare. A 1985 aka fara ganin kifin zaki a gaɓar Fulorida ta Amurka, kuma masana na danganta zuwansa da masu tankin gida. Yau ya mamaye tekun Karebiyan yana cinye ƙananan kifaye. A madatsar ruwan Infiyarniyo ta Meziko, fileko ya yi yawa har masuntan karfasa suka riƙa jawo raga cike da shi, ƙayoyinsa na yayyaga musu raga.

Mu kuma ruwanmu mai ɗumi ne, babu ƙanƙarar da za ta kashe baƙon kifi. Kududdufin bayan gida ma, da damina ta yi ƙarfi zai tumbatsa ya haɗe da rafi. In kin gaji, mayar wa mai shago, ko ki ba maƙwabciya, ko wata makaranta. Wanda ya mutu a binne shi.

5. Tsiron tanki ma haka. Akwai wani mai yawo bisa ruwa kamar kainuwa, mai fure shuɗi-shuɗi, ɗan asalin Kudancin Amurka, wanda kyansa ya sa aka yaɗa shi a duniya. A 1984 ya shigo Najeriya ta ruwan Badagiri. Daga baya ya addabi tafkin Kainji, ana kuma fama da shi a kogin Kwara har Yamai, yana toshe wa kwale-kwale hanya. Duk abin da kika datse, shanya shi a rana ya bushe ƙarau, sannan ki zubar.

6. Canza kwatan ruwan tankin sau ɗaya a mako, kada ki juye shi duka. Tsohon ruwan taki ne, zuba wa zogale ko fulawa. Tace shi da rariya tukuna, don 'ya'yan gufi ƙanana ne ƙwarai, ba lallai ki gan su ba. In kin sa magani ko gishiri, zuba a busasshiyar ƙasa nesa da kwata da shuke-shuke.

7. Fitilar LED ta isa, awa takwas a rana. Hita sai da hunturu. Sayi ɗan famfon iska mai batir, ba sai an tada janareta saboda kifi ba duk lokacin da aka ɗauke wuta.

8. Gobe da safe, barbaɗa abinci kaɗan ki tsaya ki kalla. Abin da ya rage bayan minti biyu ya yi yawa, shi ke ruɓewa ya gurɓata ruwa ya sa ki yawan canji. Kwashe shi da 'yar raga, jibi ki rage awo.