Shirin Hunturu da Hutun Ƙarshen Shekara: Me Za a Fara, Me Za a Bari Sai Ƙarshe?

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi watannin da ke zuwa bayan ɗaukewar ruwan sama, lokacin da hidimomi kan taru wa uwargida a wuri guda. Daga ƙarshen Nuwamba iskar hunturu ta fara kaɗawa, a tsakiyar Disamba makarantu su ba da hutu, 'yan makarantar kwana su dawo gida da yunwarsu, ga bukukuwan aure da aka ɗaga zuwa bayan kaka, ga baƙi. A daidai wannan lokaci ne kuma maƙwabtanmu Kirista ke sayayyar Kirsimeti, don haka fulawa da sukari da mai da ƙwai kowa nemansu yake, farashi kuwa ba ya jiran kowa. Wadda ta bari sai komai ya zo wuya, ita ce za ki ga ta kwana a gaban kasko, ta ci bashi, abin da ta soya kuma bai yi kyau ba.

Kowa ya san a fara da wuri ya fi. Abin da ba a cika bayyanawa ba shi ne tsarin farawar, domin ba komai ake yi da wuri ba. Ma'aunin da za ki riƙe guda ɗaya ne: yawan ruwan da ke cikin abu shi ke faɗa miki tsawon kwanakin da zai yi. Fumfuna da ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa rayuwa sai da danshi. Abin da babu ruwa a cikinsa, ko wanda sukari ya riƙe ruwansa, zai jira ki makonni. Abin da ke da laushi da danshi kuwa, kwanakinsa ƙidayayyu ne. A nan hunturu taimakonki yake yi, don a Kano da Katsina da Sakkwato danshin iska kan sauka ƙasa da kashi 20 cikin 100 a Disamba da Janairu. Cincin da zai yi laushi cikin kwana uku a watan Agusta, a hunturu yana nan garas.

Saƙa ita ce ta farko

Zare ba ya lalacewa, kuma saƙa ce ta fi cin lokaci, to ita za a sa gaba tun Oktoba. Hular jariri da safa aikin yini ɗaya ko biyu ne ga mai kwarashi, amma rigar sanyin yaro ɗan shekara biyar tana iya cin mako biyu ko uku ga matar da sai bayan la'asar take samun zama. Idan 'ya'yanki huɗu ne, yi lissafi da kanki.

Kafin ki ɗora riga, ki saƙa ɗan gwaji mai faɗin santimita 10, ki ƙirga ido nawa ya shiga. Da shi za ki san idon da za ki ɗora wa ƙirjin yaron, maimakon ki gama ki tarar kai ba ya shiga. Ki ƙara tsawon hannu da na jiki kaɗan, don rigar ta kai shi baɗi. Zaren kuma ki saye shi gaba ɗaya a rana ɗaya, saboda launi ɗaya daga kwali daban yakan saɓa, sai an saƙa a gani.

Akwai abin da ya kamata kowace uwa ta sani game da zaren da muke kira ulu. Mafi yawan wanda ake sayarwa a kasuwanninmu ba gashin tumaki ba ne, na roba ne. Yana da sauƙin kuɗi da sauƙin wanki, amma idan wuta ta taɓa shi narkewa yake ya manne a fata. Yaron da aka sa wa irin wannan riga, kada a bar shi ya tsuguna jin ɗumi a bakin murhu. A sa masa rigar auduga a ciki, kuma kayan jarirai a bar yi musu igiya a wuya da ƙananan maɓallai, ado ne da ke kai wa asibiti.

Sayayyar kaka

Gyaɗa da riɗi da shinkafar gida sun fi sauƙi a lokacin da sabo ya shigo kasuwa. Mai hali ta saya a lokacin, ko ku haɗa kuɗi ku uku ko huɗu a sayo muku buhu daga babbar kasuwa irin Dawanau ku raba. Sukari ba ya komai in dai ruwa da tururuwa ba su same shi ba. Fulawa tana yin wata biyu lafiya a bokiti mai murfi, a ɗora shi kan katako, a tankaɗe kafin amfani. Alkama kuwa a bar ta tsabarta, sai ana gobe aiki a kai ɓarji, domin da zarar an fasa ta man da ke cikin ƙwayar ya fara tsufa. Ƙwai da bota su ne na ƙarshen saye.

Gyaɗa ce nake so mu tsaya a kanta. Gyaɗar da ba ta bushe sosai ba aka ɗura ta a buhu takan kama wata fumfuna da ke haifar da guba mai suna afalatoksin. Wannan guba ba ta mutuwa da suya ko dahuwa, kuma masana sun tabbatar tana jawo kansar hanta, ana kuma danganta ta da tsumburewar yara. Masara ma tana kama ta: a shekarar 2004 mutum 125 suka rasu a Kenya bayan cin gurɓatacciyar masara. Don haka ki shanya gyaɗarki a kan tabarma ko leda, ba a ƙasa ba, har sai ta yi ƙara in kin girgiza. Sannan ki zauna ki tsince, duk wadda ta yamushe, ko ta canza launi, ko ta fashe, ko ta yi ɗaci, a zubar. Al'adar nan ta ware "marar kyau" a ce a yi ƙuli ko a ba yara da ita, wallahi ba tattali ba ne. Haka nan kada a jefa ƙwayar maganin ƙwari a buhun abinci a ajiye shi a ɗakin da ake kwana. Buhu mai leda biyu a ciki wanda ake ɗaurewa iska ba ta shiga ya wadatar, ƙwarin da kansu suke mutuwa.

Kayan gara da na baƙi

Iyayenmu da suka tsara kayan gara sun san wannan ilimi tun kafin firji ya zo. Dubi nakiya: an soya garin shinkafa har ya bushe, an haɗa da zuma ko dafaffen sukari da man shanu da kayan yaji, an daka. Babu inda ruwa ya rage, shi ya sa take watanni, ita za ki fara yi. Alkaki da dublan su ke biye, mako biyu ko uku kafin buki. Sirrinsu yana wurin ruwan sukarin da ake tsoma su. Idan ya yi tsararo, ruwa kika mayar musu, cikin mako za su yi tsami ko fumfuna. Ki dafa shi har sai in kin ɗiga tsakanin yatsu biyu ya yi danƙo yana jan zare. Lemun tsami ko tsamiyar da ake sawa ba don ɗanɗano kaɗai ba ne, tsamin ne ke hana sukarin komawa ƙanƙara ya yi fari a jikin dublan. A soya su a wuta marar ƙarfi don cikin ya soyu, domin alkakin da bayansa ya yi ja cikinsa da ɗanye ba ya ajiyuwa.

Ga cincin, wannan awo yana ba da mai ƙarfi wanda zai yi wata guda: fulawa kilo 1, sukari giram 200, bota giram 125, ƙwai 2, madarar ruwa ƙaramin gwangwani 1, bekin fauda ƙaramin cokali 1, ɗan gishiri da gyaɗar ƙamshi. Ki murza botar cikin fulawa har ta ɓace, ki zuba sauran, ki riƙa ƙara ruwa kaɗan-kaɗan har kwaɓin ya haɗe da tauri. Mata da yawa suna ganin yawan bota da ƙwai shi ne gwaninta. Zai yi daɗi a ranar, amma zai sha mai, ya farfashe a kasko, kuma shi ke saurin yin warin tsohon mai. Wanda za a cinye a kwana uku a yi masa gata, wanda za a ajiye a rage masa. Ki kakkaɓe garin da kika barbaɗa wajen murzawa kafin ki zuba a mai, shi ke sa kumfa da baƙin gari a ƙasan kasko. Kada ki cika kaskon, man zai huce, cincin ya jiƙe da shi.

Inda aka fi yin asara shi ne bayan an sauke. An gaji, dare ya yi, sai a juye cincin da ɗuminsa a bokiti a rufe. Tururin da ke fita ya rasa hanya, ya zama gumi a murfi, ya koma ciki. Ki baza shi a faranti ko tire, ki lulluɓe da yadi mai tsabta saboda ƙurar hunturu, sai ya huce sarai, ko da zai kai safe. Kada a tsane shi a takardar jarida, tawadar tana bin mai. Ki raba shi a mazubi biyu ko uku, ɗaya na buɗewa kullum, sauran a rufe a wuri mai sanyi da duhu, don iska da haske da zafi su ke tsufar da mai. Man da ya yi baƙi, ko yake kumfa, ko yake hayaƙi tun bai yi zafi ba, ya gama aiki. Duk abin da aka soya da shi da tsufansa ya fito.

Kek shi ne auta, ana gobe ko jibi buki. Awo mafi sauƙin riƙewa shi ne daidai wa daida: bota giram 250, sukari 250, fulawa 250, ƙwai 4 ko 5, bekin fauda ƙaramin cokali 2. A sanyin nan bota takan daskare, ki ajiye ta kusa da ɗumi ta yi laushi, ba a narkar da ita ba, domin iskar da kike bugawa cikinta da sukari ita ke ɗaga kek. Ki gwada bekin faudarki tukuna: rabin cokali a ruwan zafi, in bai yi kumfa nan take ba ya mutu. Mai oben ta sa a 180. Marar shi ta zuba yashi mai tsabta a babbar tukunya, ta bari ya yi zafi sosai kafin ta jera gwangwanaye, kuma kada ta buɗe a minti 15 na farko. Busasshiyar iskar da ke raya cincin ita ke busar da kek ya koma kamar katako, to da ya huce a naɗe shi a leda. Kwana uku zuwa huɗu ne iyakarsa a waje.

Maganar wuta

Saboda sanyi da ƙura, uwargida takan ja kurfoti cikin ɗaki ta rufe ƙofa da taga ta yi gashinta, wata ma ta bar sauran garwashin ya ɗumama wa yara ɗaki. Gawayi yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da launi ba ta da wari, ko da babu hayaƙi ko kaɗan. Tana kama jini fiye da iskar da muke shaƙa sau sama da 200, ta hana shi kai iska ga ƙwaƙwalwa. Alamarta ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, mai barci kuwa ba ya farkawa ya ji alamar. Idan mutum biyu ko uku a ɗaki suka fara ciwon kai lokaci ɗaya, a fita waje nan take, a buɗe ko'ina, wanda ya galabaita a kai shi asibiti. Janareta ma irin wannan iska yake fitarwa. Gashi da suya a tsakar gida ko a kicin mai buɗaɗɗiyar taga, garwashi kuma a kashe shi da ruwa kafin a kwanta, don iskar hunturu ba ta raina tartsatsi.

In mai ya kama da wuta, kada a watsa ruwa, tashi zai yi ya bi mutum. A kashe gas ko risho, a kifa murfi a kan kaskon a bar shi. Wanda ya ƙone a sa wurin a ƙarƙashin ruwa mai sanyi na minti 20, ba ƙanƙara ba, ban da ƙwai da man goge baki da manja. Ƙunar da ta fi tafin hannun yaron, ko ta fuska, ko ta gaɓa, ta asibiti ce. Yaran da ke hutu a ba su yankan cincin da tsintar gyaɗa da naɗe zare, 'yan mata da samarin duka, amma a yi musu iyaka da kasko.

Wannan tsari zai ƙara amfani nan gaba, domin azumi yana matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, bisa lissafi kuma a 2030 zai kama a farkon Janairu, ƙaramar Sallah a farkon Fabrairu, wato tsakiyar sanyi, kamar yadda aka yi a ƙarshen shekarun 1990. Masu yin na sayarwa su ma su riƙa karɓar oda da rabin kuɗi tun Nuwamba, su sa kuɗin gawayi da leda da man da ya ƙone cikin lissafi.

Daga cincin ɗin da kika raba, ki ɓoye mazubi ɗaya inda hannu ba ya kaiwa, ki rubuta ranar da kika soya a jikin murfin. Shi ne na 'yan makarantar kwana idan za su koma a Janairu.