Kafin Ka Miƙa Makullin, Juye Baƙin Man

Ɗana, goge hannunka ka zo ka zauna nan kusa da ni. Na ga aikinka na jiya, yadda ka ɗaura sabon kamshaf ka daidaita tayimin ba tare da ka neme ni ba. Hannunka ya faɗa, Allah Ya yi maka albarka. Sai dai na ji kana ce wa mai motar ba sai an yi juye ba, wai baƙin man da ke ciki bai yi wata guda ba. A nan nake so in ja kunnenka.

Man da ya kwana a buɗaɗɗen inji ya tashi daga man da ka sani. Tun daga lokacin da ka ɗage murfin bawul ƙurar gareji ke sauka ciki, balle yanzu da hunturu ya kankama. Ɓurɓushin tsohon gasket da ka kankare, da ɗigon ruwan lagireto, duk sun gangara ƙasa sun kwanta a kasko. In kuwa cinyewa tsohon kamshaf ɗin ya yi, to ƙarfen da ya zaizaye daga doronsa bai fita ta salansa ba, yana nan cikin man. Saboda haka juyen farko kafin a tayar da inji ake yin sa: sabon mai, sabuwar filta.

Sannan ka dubi irin tafet ɗin da ke cikin injin. In mai shafaffen gindi ne, irin na tsofaffin injina, to kada ka yarda ka haɗa sabon kamshaf da tsohon tafet, domin kowane tafet ya riga ya saba da doron da ya tashi a kai. Ka shafe doron kamshaf da gindin tafet da man haɗi mai kauri, ka zuba baƙin mai mai wadatar sinadarin zinki. Man zamani an rage masa wannan sinadari don kare matatar hayaƙi da ke jikin salansa, alhali shi ne ke shiga tsakanin ƙarfe da ƙarfe a inda matsi ya yi tsanani.

Da zarar inji ya tashi, kada ka bar shi a sulo. Ɗaga shi tsakanin juyi 2,000 zuwa 2,500 a minti, kana ɗan hawa kana ɗan sauka, har tsawon minti 20 zuwa 30, idonka na kan zafi da ƙarfin mai. Dalili shi ne, a injin da kamshaf ke zaune cikin bulok, feshin man da kiranshaf ke watsowa ne ke jiƙa doronsa, a sulo kuwa feshin ba ya isa. A wannan ɗan lokaci ne sababbin ƙarafa biyu ke goge juna su daidaita. In suka fara zama da kyau, sun zauna ke nan. In suka fara da ƙuje juna, babu man da zai gyara su daga baya.

Kana kashe injin, tun yana da ɗumi, sai juye na biyu. Man nan ya kwashe garin ƙarfe da man haɗin da ka shafa, su kuma suna iya toshe filta. Filta in ta toshe, akwai ɗan bawul da ke buɗewa ya bar mai ya wuce ba tacewa, ya tafi da dattinsa har kan metal ɗin kiranshaf. Tari man a kwano mai tsabta ka fita da shi rana. Yanka filtar ka baje takardarta, ka bi ta da maganaɗisu. Ɗan ƙyalli mai laushi ba abin tsoro ba ne. Amma in ka murza ka ji tsaki-tsakin ƙarfe a yatsunka, motar nan ba ta fita yau. In komai lafiya, gaya wa mai ita ya dawo bayan kamar kilomita 800 a sake juyewa.

Tafet mai ɗan gargare ba ya buƙatar wancan gudu na minti 20, amma shi ma juye bai faɗi a kansa ba, tun da an buɗe inji.

Ina saurayi na taɓa tausaya wa wani direban haya, na bar masa tsohon man don in rage masa kashe kuɗi. Ba a rufe wata biyu ba aka jawo motar da igiya, inji ya buga. Abin da ya kashe daga baya ya ninka kuɗin galan na mai sau da yawa, ga iyalinsa da suka yi makonni ba abin shigowa. Har yau in na tuna fuskarsa sai in ji nauyi a ƙirjina. Araha ba ta ado, ɗana.

Mai mota ba ya ganin cikin inji, kai ne idonsa. In ya yi ƙorafin kuɗi, kada ka yi fushi. Nuna masa man da ka tara a kwano, ka yi masa bayani cikin ladabi. Motarsa amana ce a hannunka har ranar da ka miƙa makulli. Tashi ka kira shi yanzu, ka ce ya taho da mai da filta na juye biyu.