Haɗa Kwamfutar Gem Da Kuɗi Kaɗan: Abin Da Mazaunin Hadejia Zai Duba Kafin Ya Biya

Yawancin bidiyoyin da ke koyar da haɗa kwamfutar gem a YouTube an yi su ne a Amurka ko Turai, cikin ɗaki mai sanyi, inda wuta ba ta ko ƙiftawa. Matashin da ke Hadejia, wanda ya tara kuɗinsa daga noman shinkafar rani a fadama ko daga cinikin riɗi, idan ya kwafi jerin kayan da ya gani a can ya nufi Kano, zai iya dawowa da na'ura mai ƙarfi wadda ba za ta kai damina biyu ba. A nan abubuwa uku ne ke yanke hukunci kafin ma a zo maganar ƙarfin na'ura: wuta, zafi da ƙura.

Tambayar farko ita ce wane wasa za a buga. Mai son eFootball da GTA V da makamantansu ba ya buƙatar abin da mai son sababbin wasannin da ke fitowa kowace shekara yake buƙata. Wasan ƙwallon da ake kira FIFA, wanda ya koma EA Sports FC tun 2023, ya ɗan fi nauyi. Fitowar FC 24 ta nemi aƙalla RAM 8GB, da katin girafik irin GTX 1050 Ti ko RX 570, da fili 100GB. Wannan shi ne mafi ƙaranci, ma'ana wasan zai tashi, amma ba lallai ya tafi sumul ba.

Firosesa da madabod tare ake zaɓensu

Firosesa ita ce ƙwaƙwalwar kwamfuta, madabod kuma shi ne faifan da komai ke zaune a kansa. Kowace firosesa tana da irin mazauninta, don haka ba a sayen ɗaya sai an san ɗayan.

Ga mai ƙaramin ƙarfi, mazaunin AM4 na kamfanin AMD har yanzu yana da riba. Tun 2016 ya fito, kayansa sun wadata, sababbi da na hannu. A cikinsu Ryzen 5 5600G, wadda ta shiga kasuwa a 2021, ta cancanci a tsaya a kanta. Tana da ƙwayoyin aiki shida, tana cin wuta wajen wat 65, kuma tana ɗauke da nata girafik a ciki. Wato za a iya kunna kwamfuta a buga eFootball ko GTA V a matsakaicin saiti ba tare da an sayi katin girafik ba, daga baya idan kuɗi ya samu sai a ƙara. Tana zama a madabod B450 ko B550, sai dai tsofaffin B450 suna buƙatar a sabunta musu BIOS kafin su gane ta. A sa mai shago ya yi wannan a gaban mai saye, domin idan aka iso gida aka tarar allo baƙi ƙirin, sai an sake kama hanyar Kano.

A ɓangaren Intel akwai Core i3-12100F ta 2022, mai ƙwayoyi huɗu, wadda ke zama a madabod H610. A wasa ba ta jin kunya, sau da yawa ma takan wuce tsofaffin i7. Sunan i7 kaɗai ba ya nuna ƙarfi, lambar zamanin da ke biye da shi ake dubawa, kuma da wannan ake yi wa sababbin shiga wayo. Harafin F da ke ƙarshen sunanta yana nufin babu girafik a ciki, in babu kati ko hoto ba za ta nuna ba.

Akwai kuma hanya ta uku da mutane da yawa ke bi: sayen tsohuwar kwamfutar ofis ta hannu, irin Dell OptiPlex ko HP EliteDesk, a saka mata ƙaramin kati. Da arha kam, amma akwai sharaɗi. Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoba 2025, Windows 11 kuma a hukumance tana neman Intel zamani na takwas zuwa sama. Ban da haka, siririn akwatin waɗannan kwamfutoci gajeren kati kawai yake ɗauka, kuma fawa-fak ɗinsu ƙarami ne, sau da yawa mai fulogi na daban da ba a iya musanya shi da na kasuwa.

Katin girafik: inda kuɗi ke tafiya, inda wuta ke tafiya

Kati shi ne abu mafi tsada, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. RX 580 mai 8GB ya cika kasuwar kayan hannu da farashi mai jan rai. Dalilin kuwa, a watan Satumba 2022 tsarin kuɗin kirifto na Ethereum ya daina dogara da haƙa ta katin girafik, sai masu haƙar suka juye katunansu a kasuwa. Da yawa daga cikinsu sun shekara da shekaru suna aiki dare da rana. Ba duka ne suka lalace ba, amma fankokinsu sun gaji, man da ke tsakanin guntun da ƙarfen sanyaya ya bushe. Kuma katin na 2017 ne, yana cin wajen wat 185.

A kwatanta shi da RX 6600 na 2021, mai cin wat 132 amma ya fi shi ƙarfi nesa ba kusa ba, ko GTX 1660 Super mai wat 125, ko GTX 1650 mai wat 75 wanda galibinsa ba ya ma buƙatar wayar wuta ta daban. A garin da wutar KEDCO ke zuwa tana tafiya, wannan bambanci kuɗi ne tsaba. Ga lissafin. Kwamfuta mai 5600G ba kati, haɗe da monita, tana cin wat 130 zuwa 150 lokacin wasa. Wadda aka saka wa RX 580 takan haura 300. Batirin sola na ruwa mai 12V 200Ah yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma rabin kawai ake ja idan ana son ya daɗe, wato 1,200. Ta farko za ta yi kusan awa takwas a kansa, ta biyu da ƙyar ta cika huɗu, ba a ma cire abin da inbata ke ci ba. Mai niyyar buɗe shagon gem da kwamfuta huɗu sai ya ninka wannan sau huɗu, ya ga abin da arhar katin za ta ja masa a man janareta. Arha, in ji masu iya magana, ba ta ado.

Akwai jabun katuna kuma, waɗanda aka sauya wa suna a manhaja. Ƙaramar manhajar GPU-Z, kyauta ce, tana nuna ainihin abin da ke ciki.

RAM da ma'adana ba su da dogon zance. 16GB na DDR4 ya isa, amma a saye shi sanda biyu masu 8GB maimakon guda mai 16GB. Sanda biyu suna buɗe hanya biyu ta musayar bayanai, kuma ga 5600G, wadda girafik ɗinta daga RAM yake aro, bambancin a bayyane yake a ido. Farashin RAM ya yi tashin gwauron zabo a ƙarshen 2025 saboda rububin kamfanonin ƙirƙirarriyar basira, don haka a tambayi farashin ranar. Ma'adana kuwa SSD ce, 512GB ko 1TB, domin manyan wasanni uku sun isa su cinye 300GB.

Fawa-fak ba wurin rage kuɗi ba ne

Bayan an gama da kati aljihu ya yi sauƙi, sai mutum ya ce a ba shi kowane fawa-fak. Nan ne ɓarnar take. Fawa-fak marar suna da aka rubuta wa 650W a jiki ba lallai ya iya ba da rabin hakan ba, kuma ranar da zai mutu yakan tafi da madabod da kati. Wat 550 daga sanannen kamfani irin Corsair, Cooler Master ko Seasonic, mai tambarin 80 Plus Bronze, ya ishi duk haɗin da aka ambata a sama. Tambarin yana auna rashin ɓarnar wuta ne, ba shaida ce ta inganci ɗari bisa ɗari ba, amma marar shi ya fi zama abin tsoro.

Wutar Nijeriya a takarda 230V ce. A zahiri takan faɗi ƙasa sosai da yamma, ta kuma dawo da ƙarfi bayan an ɗauke. Saboda haka sitabilaiza ko UPS na cikin kasafin kwamfutar tun farko. A lura cewa VA ba wat ba ne: UPS mai 650VA wat 360 zuwa 390 kawai yake ɗauka. Ya ishi haɗin 5600G, amma mai babban kati ya nemi 1,200VA zuwa sama. Kada a jona kwamfuta kai tsaye da ƙaramin janareta, wutarsa hawa da sauka take yi duk lokacin da aka kunna wani abu a gidan.

Zafin bazara da ƙurar hunturu

Fanka ba ta ƙirƙirar sanyi, iskar ɗaki take hurawa. Masu gwaji a Turai suna aunawa a ɗaki mai digiri 22 ko kusa da haka. A Hadejia, a watan Afrilu da Mayu, zafin waje na haura 40, ɗaki mai rufin kwano kuma ba ya nisa da hakan. Firosesar da ta nuna 70 a bidiyo za ta iya kusantar 88 a nan, alhali iyakar 5600G 95 ce, daga nan sai ta rage gudu da kanta, wasa ya fara tsinkewa. Don haka akwati mai raga a gaba ya fi mai gilashi da fitilu masu launi, komai kyansu. Fanka biyu a gaba suna shigar da iska, ɗaya a baya tana fitarwa. Idan mai shiga ta fi mai fita yawa, ƙura ba ta samun kutsawa ta ramuka, sai ta bi ta matata.

Daga Nuwamba zuwa Fabrairu, lokacin hazo, a riƙa wanke matatar duk mako biyu, a hure cikin akwatin da bulowa, a riƙe fankokin da yatsa kada su yi ta juyawa. Akwatin kuma a kan tebur yake zama. Ƙasa ce matattarar ƙura, kuma duk wanda ya ga ambaliyar 2022 a ƙasar Hadejia ya san ruwa ba ya sallama kafin ya shigo ɗaki.

Mafi yawan kayan daga Kano za su fito, a shagunan titin Beirut ko kasuwar Farm Centre, wasu kuma a yi odarsu daga Computer Village ta Ikeja. Farashinsu dala yake bi, musamman tun da naira ta haura 1,500 a kan dala ɗaya a Fabrairun 2024, don haka farashin makon jiya ba hujja ba ne. A haɗa kwamfutar a shagon, a kunna wasa mai nauyi na aƙalla minti talatin ana kallon ma'aunin zafi, a duba lafiyar SSD da CrystalDiskInfo, a sa mai shago ya rubuta lambar kowane kaya da kwanakin garanti a rasit. Kafin a ɗora ta a mota kuma a zare katin girafik a naɗe shi daban, domin nauyinsa da girgizar hanya na iya tsaga mazauninsa a kan madabod.