Amsa-amo Daban, Kari Daban: Gyara Ga Ɗaliban Nazarin Waƙa

Duk lokacin da aka zo duba takardun jarrabawar adabin Hausa, akwai amsar da ba ta fashi, tun daga 'yan sakandare har zuwa 'yan ajin farko na jami'a. A tambayi ɗalibi karin waƙa, sai ya rubuta cewa karinta "na" ne, tunda duk baitocin da "na" suka ƙare. Wannan amsa ba ta da maki ko ɗaya, kuma ta samo asali ne daga wata fahimta da ta yi kaka-gida a ajujuwa, wai duk maganar da ƙarshenta ya yi daidai ta zama waƙa.

Ba haka ba ne. Amsa-amo, wanda malaman zaure ke kira ƙafiya, shi ne daidaituwar sauti a ƙarshen ɗango. Babban amsa-amo, wato na waje, shi ke rufe kowane baiti daga farkon waƙa har ƙarshenta. Ƙarami, wato na ciki, yana tsakanin ɗangwayen baiti guda, kuma yana iya sauyawa a baiti na gaba. Iyakarsa ke nan. Da amsa-amo ne ke yin waƙa, da yawancin abin da Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Shata suka bari bai shiga lissafi ba, domin makaɗan baka ba su ɗaure wa kansu wannan ƙa'ida ba. Abin da ke riƙe waƙarsu shi ne kiɗa da rerawa da gindin waƙa da 'yan amshi ke komawa gare shi. Shi ya sa ma ake cewa "ɗan waƙa" a ta baka, a bar "baiti" ga rubutacciya.

Kari kuwa awo ne na nauyin gaɓoɓi. Gaɓar Hausa ko dai marar nauyi ce, baƙi da gajeren wasali, ko mai nauyi, baƙi da dogon wasali ko wadda baƙi ya rufe ta. Yadda aka jera masu nauyi da marasa nauyi, jerin yana maimaituwa a kowane ɗango, shi ne kari. Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara wannan ilimi na aruli a ƙarni na 8, ya fitar da karuruwa 15, aka ƙara ɗaya daga baya suka zama 16. Malaman ƙasar Hausa sun ɗauki da dama daga ciki, irin su Mutaƙarab da Kamil da Basiɗ da Ramal, wasu marubutan kuma suka ari karin waƙoƙin baka. Ƙafar Mutaƙarab gaɓa uku ce, marar nauyi ɗaya sai masu nauyi biyu, daidai da yadda ake furta "talatin".

A nan gargaɗina yake, kuma zan nanata shi: ba a auna kari da ido. Rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. Garin da ake zama a ciki da garin da ake tuƙa tuwo da shi rubutunsu ɗaya ne, amma gaɓar farko ta na zama gajeriya ce, ta na tuwo doguwa. Ɗalibin da ya zauna yana ƙirga haruffa a takarda zai fitar da karin da marubucin bai taɓa mafarkinsa ba. Ka rera ɗangon da ƙarfi, ka yanka shi gaɓa-gaɓa, ka sa wa kowace alamarta, sannan ka nemi ƙafar da ke dawowa. Ka sake yin haka a baiti na biyu da na uku kafin ka yanke hukunci. Aliyu Namangi, mai Imfiraji, makaho ne, da kunne ya auna waƙoƙinsa. To ina dalilin mai ido da zai toshe nasa kunnen?

Laifin ba na yara ba ne su kaɗai. Akwai malaman da za su gama zango ba su rera baiti ko ɗaya a aji ba, sai shiftar ma'anoni kawai, yara su haddace, su amayar ranar jarrabawa. Makarantu kuma sun bar ɗakunan karatu babu ko kwafi ɗaya na Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo, ko Jagoran Nazarin Waƙar Baka na Sa'idu Muhammad Gusau, alhali a cikinsu aka shimfiɗa waɗannan kalmomi.

Wannan hadda ce ke lalata amsoshin adon harshe. Ku riƙe bambancin da misali ɗaya. "Audu kamar zaki yake" kamance ne, saboda kalmar "kamar". Haka "tamkar" da "ya fi" da "bai kai ba". "Audu zaki ne" siffantawa ce, an cire tsani an ba shi sunan kai tsaye. "Audu ya yi ruri, daji ya yi tsit" dabbantarwa ce, an ba mutum aikin dabba. Idan aka juya, aka ce yunwa ta ƙwanƙwasa ƙofa, mutuntarwa ke nan. A ce Audu ya shanye kogi, an yi kambamawa. Amma kiran suna rabin amsa ne. Mai dubawa yana son abu uku: sunan adon, wurin da ya fito a waƙar, da aikin da ya yi wa jigo. Me ya sa zaki, ba kura ba? Wanda ya amsa wannan shi ya yi nazari.

Sai tsarin baiti, inda ake wani tuntuɓen. Ba kowace ƙwar biyar ce tahmisi ba. Tahmisi shi ne wani ya ɗauki waƙar ƙwar biyu ta wani ya ɗora ɗango uku a kan kowane baiti, kamar yadda Isa ɗan Shehu ya yi wa Tabban Haƙiƙan, wadda Shehu Usmanu ya yi da Fulatanci, Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa.

Saboda haka, ɗalibai, kafin ku ɗora alƙalami a kan kowace waƙa, ku rera ta tukuna. Malamai kuma ku ji tsoron Allah, ku riƙa rera wa yaran nan abin da kuke koya musu.