Kwamfuta Uku, Data Ɗaya

Tsofaffin kwamfutoci uku ne a gidanmu, duk masu Ubuntu. Da ɗaya bayan ɗaya nake sabunta manhajojinsu. Jarrabawa na matsowa sai in manta, su yi ta zama da ɓarakar tsaro. Yanzu da kansu suke yi.

Ga yadda ake yi: a kowace, rubuta sudo apt install unattended-upgrades, sannan sudo dpkg-reconfigure unattended-upgrades, ka zaɓi Yes. Kullum za ta duba gyare-gyaren tsaro ta ɗora.

Sai dai data za ta sha wuya, don abu ɗaya ake saukewa sau uku. Maganinsa, sa apt-cacher-ng a ɗaya, ka nuna wa sauran adireshinta da lamba 3142. Ita ke saukewa, su kwasa a wurinta. Amma fa ka bar ta a kunne!