Idan Kwamitin Ladabtarwa Na Jami'a Ya Kira Ɗanku

Sammacin kwamiti ba ya sallama, kuma yawancin yara sukan ɓoye wa gida sai an riga an kore su. Jami'a tana da ikon hukunta ɗalibi, amma dokar Najeriya ta gindaya mata sharuɗɗa. Ga abin da za ku yi tun abu bai lalace ba.

1. Ku nemo littafin dokokin ɗalibai.
Wanda aka raba lokacin rajista nake nufi, wanda galibi yake ƙasan akwati. A ciki aka jera kowane laifi da hukuncinsa, daga satar amsa har dafa abinci a ɗakin kwana. Ku duba ko hukuncin da ake ambata ya wuce abin da aka rubuta.

2. A ba ɗanku tuhumar a rubuce.
Kiran baki daga ofishin harkokin ɗalibai bai wadatar ba. Ya nemi sanin laifin, da ranar zama, da isasshen lokacin shiri.

3. Kada ya sa hannu a abin da bai karanta ba.
A ofishin masu tsaro ne yara suka fi kassara kansu, don an ce musu "rubuta ka amsa, mu sallame ka". Ya rubuta abin da ya faru kawai, ya sa kwanan wata, ya ɗauki hoton takardar da waya.

4. Ya halarci zaman, ko da yana ganin an gama magana.
Sashe na 36 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi cikin adalci. Amma wanda aka gayyata ya ƙi zuwa, da wane baki zai ce ba a ji ta bakinsa ba? Ya tafi da shaidunsa, ya nemi ganin hujjar da aka kawo a kansa.

5. Ku lura da waɗanda ke zaune a kwamitin.
Wannan shi ne babba. Bayan tarzomar 1983 a Jami'ar Maiduguri an kori ɗalibai, alhali shugaban kwamitin binciken mataimakin shugaban jami'ar ne, wanda shi ma ɓarnar ta shafa. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar a shari'ar Garba, ɗaya daga cikin ɗaliban: mai ƙara ba ya zama alƙali, kuma laifi irin ƙone-ƙone da kwasar ganima na kotu ne. Don haka in malamin da ya kama yaro yana cikin masu yanke hukunci, yaron ya nuna rashin amincewa cikin ladabi, ya roƙi a rubuta.

6. In 'yan sanda suka shigo, doka ta canza.
Sashe na 35 na Kundin ya ba shi damar yin shiru har sai ya ga lauya. In babu hali, Hukumar Ba da Agajin Shari'a tana taimaka wa marasa ƙarfi kyauta.

7. Ku ɗaukaka ƙara da wuri.
A fara da Majalisar Gudanarwa ta jami'a, domin kotu takan tambaya ko an bi matakan cikin gida. Ku yi kwafi biyu na takardar ƙarar, a buga muku hatimin karɓa a ɗaya ku riƙe. Zaryar neman alfarma wurin manya tana cin lokaci, ga shi lauyoyin jami'o'in gwamnati sukan kafa hujja da wa'adin wata 3 na shigar da ƙara a kotu.