Ƙin Abinci da Baƙin Ciki a Makarantar Likita

Mai karatu, akwai ciwo biyu da su kan kama masu koyon aikin likita, sau da yawa kuwa tare su ke zuwa. Na fari shi ne ciwon baƙin ciki, watau zuciya ta yi nauyi mako da mako, barci ya gagara, abin da mutum ke so dā ya fita ransa. Na biyu ya shafi ci. Wani ya kan hana kansa abinci don tsoron ƙiba har ya rame ƙwarai. Wani kuwa ya kan ci fiye da kima a ɓoye, sa'an nan ya tilasta wa kansa amai.

Cikin shekara ta 2016 masana suka tattara bincike daga ƙasashe 47, suka iske wajen 27 cikin 100 na ɗaliban likita suna da alamun baƙin ciki. A 2019 wani bincike ya nuna wajen 10 cikin 100 suna cikin hatsarin ciwon ci.

Me ya haɗa su? Kowa ya san mai baƙin ciki ba ya marmarin tuwo. Amma yunwa kanta ta kan haifi baƙin ciki. A jami'ar Minesota ta Amurka, cikin 1944 zuwa 1945, wani masani, Ancel Keys, ya gwada samari 36 lafiyayyu, ya rage musu abinci wajen rabi har wata shida. Sai suka zama masu saurin fushi da baƙin rai, suka guje wa mutane, ba abin da su ke tunani sai abinci. Ashe ɗalibin da ke kwana a kan littafi da shayi kaɗai a cikinsa yana ƙara wa zuciyarsa nauyi.

Abin tausayi, cikin ɗaliban nan masu alamun baƙin ciki wajen 16 cikin 100 ne kaɗai suka nemi magani. Ɗalibi ya san alamun sarai, don haka ya iya ɓoye su, gama yana tsoro kada a ce bai isa likita ba. Iyaye kuma su kan ce ƙwazo ne, ko azumi ne. Amma mai azumi ya kan sha ruwa da murna, wannan kuwa tsoron kwano ya ke yi.

In ɗanka ko 'yarka ta zo hutu ta rame, tana janye jiki a lokacin ci, kada ka tsauta mata, kada kuma ka ce rashin bangaskiya ne. Ka zauna ka tambaye ta a hankali, ka kai ta asibiti, ka faɗa wa likita batun abincin da na zuciyar duka biyu.